Yadda farasitamol ke durƙusar da hanta, da abin da likitoci ke yi a ɗakin gobe-da-nisa

Da wuya ka shiga gida a ƙasar Hausa ka rasa farasitamol, ko a kan taga, ko a jakar uwargida, ko a aljihun maigida. Shi ake sha in kai ya sara, shi ake ba yaro in jikinsa ya yi zafi, shi ɗan dako ke haɗiya da dare bayan ya wuni yana sauke buhuna. Magani ne nagari mai araha, kuma in an sha shi bisa ƙa'ida ba shi da wata illa ta a zo a gani, har masu juna biyu likitoci na rubuta wa. Amma wannan ƙwaya da muka raina ita ce kan gaba wajen durƙusar da hantar mutum farat ɗaya a Amurka da Birtaniya. Wani bincike da aka yi a manyan asibitoci 22 na Amurka tsakanin 1998 da 2003 ya bi diddigin mutum 662 da hantarsu ta gaza kwatsam, aka tarar 275 daga cikinsu, wato kashi 42 cikin 100, farasitamol ne sanadi. Kusan rabin waɗannan kuwa ba su yi niyyar cutar da kansu ba. Ciwo ne ya dame su, suka yi ta sha.

Wannan ba shi ne ciwon hantar da muka saba gani ba, wanda ke cin mutum a hankali shekara da shekaru, galibi saboda ƙwayar cutar hanta nau'in B ko C ko kuma giya, har hanta ta ƙanƙance ta yi tauri, ciki ya cika da ruwa. A nan mutum ne lafiyayye, makon jiya yana kasuwa, yau ba ya gane matarsa. Likitoci kan ce hanta ta gaza farat ɗaya idan abubuwa uku suka haɗu: ta samu mummunan rauni a jikin wanda ba a san shi da ciwon hanta ba, jininsa ya daina daskarewa yadda ya kamata, sannan hankalinsa ya fara gushewa. Ba banza suke zuwa tare ba. Hanta ce ke ƙera sinadaran da ke tsayar da zubar jini, ita ke ajiye sukari ta saki lokacin da jiki ke buƙata, ita ke karɓar amoniya daga hanji ta mayar da ita abin da ƙoda za ta iya fitarwa a fitsari. Ranar da ta ajiye aiki, duk waɗannan tare suke tsayawa.

Farasitamol ɗin kansa ba shi ne gubar ba. Hanta ce ke haifar da gubar a garin kawar da shi. Idan mutum ya sha ƙwaya biyu, kusan kashi 90 cikin 100 hanta kan ɗaure shi da wasu sinadarai ta mayar da shi abin da ba ya cutarwa, ya bi fitsari. Ɗan ragowar, kashi 5 zuwa 10, yakan bi wata ƙaramar hanya inda yake rikiɗewa zuwa wani sinadari mai dafi da ake kira NAPQI. Shi ma ba abin damuwa ba ne in da lafiya, domin hanta na da ajiyar wani sinadari mai suna gulutatayon, wanda ke cafke dafin nan take ya kashe masa kaifi. Sai dai ajiyar tana da iyaka. In magani ya yi yawa, babbar hanyar takan cushe, saura ya kwarara ta ƙaramar, dafi na ƙaruwa, gulutatayon na ƙarewa. Da zarar ajiyar ta ragu da kusan kashi 70 cikin 100, dafin ya rasa mai tare shi, sai ya manne wa ƙwayoyin halittar hanta ya kashe su. Likitocin Sikotland ne suka fara ba da rahoton mutanen da farasitamol ya lalata wa hanta a 1966, sannan a 1973 masana a Cibiyar Binciken Lafiya ta Ƙasa ta Amurka suka warware yadda ɓarnar ke aukuwa.

Iyakar da aka ɗibar wa babba ita ce giram 4 cikin sa'o'i 24, wato ƙwaya takwas ta miligiram 500, biyu-biyu, da tazarar aƙalla sa'o'i huɗu tsakani. Wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, da tsoho mai rauni, da mai ciwon hanta, nasu ƙasa da haka yake. Na yaro da nauyinsa ake auna shi, miligiram 15 kan kowane kilo, kuma kada ya wuce sau huɗu a kwana ɗaya. Akwai kuma waɗanda tun farko ajiyarsu ba ta cika ba: wanda zazzaɓi ya hana cin abinci kwana da kwanaki, yaro mai tamowa, wanda ya daɗe yana shan giya. Wasu magungunan tarin tibi da na farfaɗiya ma kan sa hanta ta ƙara samar da dafin. A irin waɗannan jikkuna, abin da wani zai sha ya kwana lafiya yana iya zama bala'i.

Ɗauki magidancin da haƙori ya hana barci. Ya sha Panadol biyu bayan isha'i, bai ji sauƙi ba, ya ƙara biyu kafin sha biyun dare, ya ƙara da asuba. Da gari ya waye mura ta kama shi, ya aika yaro kemis aka kawo masa Procold ko Mixagrip, bai san cewa su ma akwai farasitamol a cikinsu ba. Da yamma ya tsaya wurin mai tallan magani ya ce a haɗa masa na ciwon jiki, aka ƙulle masa ƙwayoyi biyar a leda, fari da ja da ruwan ɗorawa, babu suna babu takarda. Abinci kuwa haƙori ya hana shi tauna. Ya yi kwana uku a haka. In ka tambaye shi ko ya sha magani fiye da kima zai rantse bai yi ba, kuma a iya saninsa gaskiya ya faɗa. Irin wannan shan na kaɗan-kaɗan ya fi shan lokaci guda haɗari. Likitocin sashen dashen hanta na Edinburgh sun duba mutum 663 da aka kwantar saboda farasitamol tsakanin 1992 da 2008, suka ga 161 irin wannan shan suka yi, kuma mutuwa ta fi yawa a cikinsu, domin sukan makara kafin su iso asibiti, awon jini kuma ba ya nuna girman ɓarnar kai-tsaye.

Abin da ya fi tsorata ni game da wannan guba shi ne yadda take yaudara. A kwanan farko mutum kan ji tashin zuciya, ko ya yi amai, ko zufa, wani ma ba ya jin komai. Yana tafiya da ƙafarsa, yana hira, yana cin abinci. A kwana na biyu aman kan lafa, sai 'yan uwa su ce Alhamdu lillahi, ya tsallake. A daidai lokacin ne hanta ke mutuwa, kamar azarar da gara ke ci ta ciki alhali bayanta lafiya lau. Wani kan ji ciwo a ƙasan haƙarƙarinsa na dama. Da za a auna jininsa a lokacin, da an ga sinadarin ALT mai nuna raunin hanta, wanda a lafiyayye ba ya wuce 40 ko makamancin haka, ya haura dubbai, wani lokaci har ya zarce 10,000. Sai a kwana na uku zuwa na huɗu komai ke fitowa fili: ido ya yi shawara, fitsari ya ragu, mutum ya fara sambatu ko barcin da ba a gane kansa ba. Yawancin iyalai sai a nan suke neman mota, bayan lokacin da magani ya fi amfani ya wuce da kwanaki.

Domin akwai makari, kuma makari ne na gaske. Sunansa asetilsistin, ana taƙaita shi da NAC. Aikinsa shi ne ba hanta kayan da za ta sake ƙera gulutatayon da su. Farfesa Laurie Prescott da abokan aikinsa a Edinburgh ne suka nuna amfanin ba da shi ta jijiya a ƙarshen shekarun 1970. Tsarin da aka fi sani shi ne miligiram 300 kan kowane kilo na nauyin jiki, a raba cikin ledar ƙarin ruwa uku: ta farko sa'a ɗaya, ta biyu sa'o'i 4, ta uku sa'o'i 16, jimilla 21. Akwai sabon tsari na sa'o'i 12 da aka gwada a Birtaniya aka wallafa sakamakonsa a 2014, wanda ya rage amai da ƙaiƙayi. Akwai kuma na sha, wanda Amurka ta daɗe tana amfani da shi na tsawon sa'o'i 72, ko da yake warinsa irin na ruɓaɓɓen ƙwai kan sa shi wuyar haɗiya. Idan aka fara NAC cikin sa'o'i takwas na farko, kusan kowa na tsira ba tare da hantarsa ta samu wani mummunan rauni ba. Bayan nan, duk sa'ar da ta wuce tana rage masa ƙarfi.

Shi ya sa likita ke nanata tambaya ɗaya har 'yan uwa su ƙosa: Hajiya, da ƙarfe nawa ya sha? Wanda ya iso cikin sa'ar farko ana iya ba shi gawayin asibiti, wanda aka sarrafa domin ya riƙe maganin a ciki kafin ya shiga jini. Bayan sa'o'i huɗu da sha ana auna yawan farasitamol a jini a ɗora a kan wani jadawali da Barry Rumack da Henry Matthew suka fitar a 1975, wanda ke nuna wa ke buƙatar makari. Jadawalin na aiki ne kawai ga wanda ya sha lokaci guda kuma aka san lokacin. Ga mai shan kaɗan-kaɗan, ko wanda ba a san lokacinsa ba, ko inda babu na'urar awon, ƙa'ida ita ce a fara makarin ba jira. Wasu kan yi ƙaiƙayi ko fuska ta yi ja ko numfashi ya ɗan sarƙe yayin ƙarin. Akan dakata ne a ba da maganin ƙaiƙayi, sannan a ci gaba a hankali. Wannan ba dalilin daina shi ba ne.

To, in an makara fa? A nan ne ɗakin gobe-da-nisa ke shigowa, kuma ya kamata a fahimci abin da ake yi a ciki. Babu na'urar da ke maye gurbin hanta yadda injin wanki ke tsaya wa ƙoda. Duk abin da ake yi shi ne riƙe sauran sassan jiki da rai har hanta ta sake tsiro da kanta, domin Allah ya yi ta da wannan baiwa, ko kuma har a samu wata a dasa. NAC ma ba a cire shi. Gwajin da aka yi a asibitin King's College da ke Landan a 1991 kan mutum 50 da hantarsu ta riga ta gaza ya nuna kashi 48 cikin 100 na waɗanda aka ba makarin sun rayu, a waɗanda ba a ba ba kuwa kashi 20 kacal.

Ƙwaƙwalwa ce babban abin tsoro. Amoniyar da hanta ta kasa kawarwa takan taru a jini ta shiga ƙwaƙwalwa, ƙwayoyin halittar can su zuƙi ruwa su kumbura, ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗawa. An kasa gushewar hankalin mataki huɗu, daga ɗan ruɗewa da juyewar barci, zuwa sambatu da fizge-fizge, zuwa barci mai nauyin da sai an girgiza mutum, zuwa dogon suma. Da ya kai mataki na uku akan sa masa maganin barci a zura bututu a maƙogwaronsa a haɗa da na'urar numfashi, don kada amai ya faɗa huhu. Akan ɗaga kan gadon da digiri 30, a daidaita wuyansa kada ya karkace, a rage hayaniya da yawan juya shi, a hana jikinsa yin zafi. Ana ba da ruwan gishiri mai ƙarfi ta jijiya domin gishirin jini ya ɗan haura na lafiyayye, ya janyo ruwa daga ƙwaƙwalwa. In matsin ya tashi duk da haka, sai a ƙara da maganin manitol. Nas kuwa ba ta gusawa daga bakin gadon: ta buɗe masa ido ta haska da tocila ta ga ko ƙwayar idon na motsi, ta huda yatsa ta auna sukari, bayan sa'a ɗaya ta maimaita, dare da rana. Wannan hujin yatsa ba ƙaramin abu ba ne, domin hantar da ta gaza ba ta sakin sukari, kuma faɗuwarsa a jikin wanda ke sume ba ta da wata alama.

Jini kan sauka saboda jijiyoyi sun saki, sai a yi ƙarin ruwa, in bai isa ba a haɗa da maganin noradirenalin mai matse jijiya. Ƙoda kan tsaya a mutane da yawa, wani lokaci ma dafin ne ke taɓa ta kai-tsaye. A nan an fi son wankin jini mai tafiya a hankali ba yankewa a kan irin na sa'o'i huɗu da masu ciwon ƙoda suka saba, domin wanki mai sauri kan kayar da jini ya kuma ƙara kumburin ƙwaƙwalwa. Wankin na kuma kwashe amoniya da tsamin da ya taru a jini, shi ya sa ake fara shi tun kafin ƙoda ta tsaya cak. Garkuwar jiki ma takan rushe, ƙwayoyin cuta su shiga ba tare da zazzaɓi ya nuna ba, don haka ana yawan awon jini da fitsari da majina, kuma ba a jinkirin fara maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Akwai abin da kan ɗaure wa 'yan uwa kai. Za su ji an ce jininsa ba ya daskarewa, awon INR, mai nuna jinkirin daskarewar jini, da ya kamata ya tsaya a kusan 1 ya kai 5 ko 6, amma ba a yi masa ƙarin ruwan jini ba. Da gangan ne. Hanta ce ke ƙera masu daskarar da jini, ita ce kuma ke ƙera masu hana shi daskarewa, duka biyun suka ragu tare, shi ya sa zubar jini mai yawa ba ta cika faruwa yadda lambar ke tsoratarwa ba. Sannan INR ne ma'aunin da ya fi nuna ko hanta ta fara farfaɗowa. In aka gyara shi da ruwan jinin wani, an rufe wa likita ido. Sai in jini na zuba ko za a yi wani aiki ake bayarwa. Dabam da wannan akwai musanya ruwan jinin gaba ɗaya, a kwashe na majinyaci mai cike da datti a zuba sabo mai yawa. Gwajin da likitocin Denmak suka jagoranta, aka wallafa a 2016 kan mutum 182, ya nuna kusan kashi 59 cikin 100 sun rayu da wannan hanya, a kan kusan 48 ba tare da ita ba.

Da irin wannan kulawa mafi yawa na tashi. A binciken nan na Amurka kashi 65 cikin 100 na waɗanda farasitamol ya durƙusar sun rayu da hantarsu, kashi 8 aka yi wa dashe, kashi 27 suka rasu ba a kai ga dashe ba. Wahalar ita ce gane wanda hantarsa ba za ta dawo ba tun da sauran lokaci. In aka yi gaggawa, an cire wa mutum hantar da za ta warke an ɗora masa shan maganin danne garkuwa har ƙarshen rayuwarsa. In aka jinkirta, ya yi raunin da ba zai jure fiɗa ba. A 1989 John O'Grady da abokan aikinsa a King's College suka fitar da sharuɗɗan gane mai buƙatar dashe da har yau ake dogaro da su: ko tsamin jini ya kai ma'aunin pH ya faɗi ƙasa da 7.3 bayan an yi ƙarin ruwa, ko kuma abubuwa uku su haɗu, INR sama da 6.5, sinadarin kiriyatinin na ƙoda sama da 300, da gushewar hankali mataki na uku ko na huɗu. Wanda ya cika su a Birtaniya akan sa sunansa a sahun gaggawa na ƙasa baki ɗaya.

Mu kuwa ba mu da wannan mafita. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, amma dashen hanta bai zama aikin yau da kullum ba a Najeriya ko Nijar. Masu hali Indiya ko Masar suke tafiya, kuma wannan tafiya ce ta mai tsohon ciwo da ke da makonnin neman biza da mai ba da hanta. Wanda ke sume a kan na'urar numfashi ba shi da waɗannan makonni. Gadajen kulawa ta musamman kaɗan ne, kuɗinsu kuma ya fi ƙarfin talaka. Ga wani cikas: binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya na ɗauke da cutar hanta nau'in B, don haka in aka kawo mai shawara, hankalin likita kan tafi can ko ga zazzaɓin cizon sauro, kuma da hujjarsa. In ba a faɗa masa zancen farasitamol ba, yana iya wucewa ba a gano ba. Da yawa ma ba sa isa asibitin, domin an ɗauka shawara ta gargajiya ce, a yi ta ɗura wa hantar da ke fama jiƙe-jiƙen da ita ce dai za ta tace su.

Birtaniya ta taƙaita sayar da farasitamol a 1998, ƙwaya 16 a fakiti a kanti, 32 a kantin magani, kuma binciken da aka wallafa a 2013 ya nuna mace-macen da yake jawowa sun ragu da kashi 43 cikin 100 a Ingila da Wales. A ganina irin wannan doka ita kaɗai ba za ta yi mana aiki ba, a inda ake sayar da magani ƙwaya-ƙwaya a tasha da bakin kasuwa. Abin da ke hannunmu ya fi haka sauƙi. NAC na cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, ba ya buƙatar wata na'ura sai ledar ƙarin ruwa da ma'aunin nauyi, kuma bai kamata a ce akwai babban asibitin da ke karɓar majinyatan gaggawa ba tare da shi a kantinsa ba. Aika ɗan uwan majinyaci ya zaga gari neman makari da tsakar dare cin sa'o'in nan takwas ne. Mai kemis kuma da zai tambayi abin da mutum ya riga ya sha kafin ya ƙulla masa haɗi, da ya ceci hantar da bai ma san ya ceta ba.

Ga iyali, duk wanda aka san ya zarce iyaka, ko yaro ne ya samu kwalbar ruwan maganin ya shanye, a kai shi asibiti nan take ko da yana dariya. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, ko sa masa yatsa ya yi amai. A tafi da fakitin da ledar da duk abin da ya rage, a kuma faɗi lokacin. Wannan ya fi wuya idan da gangan aka sha, musamman yarinya ko matashin da wani baƙin ciki ya rufe wa ido. Kunya kan sa a ɓoye, ga kuma dokokin Najeriya da suka daɗe suna ɗaukar yunƙurin kashe kai a matsayin laifi. Amma likita ba alƙali ba ne, kuma da yawa daga masu yin haka sukan yi nadama tun kafin gari ya waye, su ga jikinsu lafiya su yi shiru, sai a kwana na uku a gane.

Wanda ya tsallake kwanakin nan, INR ɗinsa kan fara sauka, hankali ya dawo, kuma hantar galibi takan warke sarai cikin makonni zuwa 'yan watanni ba tare da ta bar tabo ba. Ƙoda kan ɗan daɗe, wani sai ya ƙara wasu kwanaki ana yi masa wanki. Wanda ya sha da niyya bai kamata a sallame shi ba sai likitan ƙwaƙwalwa ya zauna da shi, an kuma shirya wanda zai kula da shi a gida da ranar da zai dawo. Wanda ciwo ya sa shi sha kuwa, a duba masa haƙorin ko bayan ko gwiwar da ta kai shi ga haka kafin ya bar asibiti.